Garkuwar da ba ta daina karkarwa: abin da ke kaɗa maganaɗisun Duniya

A farkon watan Satumbar 1859 wata gagarumar guguwar rana ta afka wa Duniya, har wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsin wuta a Turai da Amurka. A cibiyar bincike ta Kew da ke gefen Landan akwai na'urar da ke zana motsin allurar maganaɗisu a kan takardar hoto, dare da rana. Babban tsallen da allurar ta yi kowa ya gan shi. Amma Balfour Stewart, wanda ke shugabantar cibiyar, ya lura da wani abu ƙarami a cikin zanen, ya kuma rubuta shi a 1861: ban da tsallen, allurar tana wata 'yar karkarwa mai tsari, ta je ta dawo, kowace tafiya da dawowa na ɗaukar daga rabin minti zuwa minti huɗu ko biyar. Ashe allura ce za ta tono garma. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin a gane cewa abin da ke kaɗa ta yana can sama, dubun-dubatar kilomita daga doron ƙasa.

Sararin da ke kewaye da Duniya ba fanko ba ne. Cike yake da filasma, wato iskar da ta yi zafi har ƙwayoyinta na zarra suka rabu da ilektiron ɗinsu, ya zama kowane ɓangare na ɗauke da cajin lantarki. Irving Langmuir ne ya raɗa mata wannan suna a 1928. Rana tana feso irin wannan filasma ba dare ba rana, da gudun da yawanci ke kaiwa kilomita 400 a daƙiƙa guda, shi ake kira iskar rana. Da ta iso, maganaɗisun Duniya yakan tare ta a nisan kusan kilomita 65,000 ta ɓangaren da ke fuskantar rana, ta rabu biyu ta wuce, tana jan maganaɗisun ya miƙe kamar wutsiya ta ɓangaren dare. Wannan kogon da maganaɗisu ya haƙa wa kansa a cikin iskar rana shi ne farfajiyar maganaɗisu. An saba kiransa garkuwa. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba, domin garkuwa abu ne sandararre, wannan kuwa kullum cikin rawar jiki yake.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin iskar da muke shaƙa, kowace ƙwaya tana karo da 'yan uwanta sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Wannan karon shi ke raba gardama: idan wani gefe ya fi zafi, ko wasu ƙwayoyi sun fi gudu, nan da nan gwabzawa za ta daidaita su. A iskar rana kuwa, ƙwayoyi biyar ko makamancin haka za ka samu a ɗan wurin da bai wuce kan ɗan yatsa ba, kuma furoton guda, wato ƙwayar zarrar haidurojin da ta rabu da ilektiron ɗinta, zai iya yin tafiyar da ta kai nisan rana zuwa Duniya, kilomita miliyan 150, kafin karo da wasu ya karkatar da shi sosai. To idan babu karo, wa zai daidaita al'amura? Taguwoyi, wato girgiza mai yaɗuwa kamar raƙuman ruwa, su ne ke wannan aiki. Duk inda filasma ta tara ƙarfi a gefe guda, sai ta haifi taguwar lantarki da maganaɗisu, taguwar kuma ta juyo ta tarwatsa abin da ya haife ta. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe kan zaren duka maganar.

Ƙwaya mai caji a cikin maganaɗisun Duniya motsi uku take yi a lokaci guda. Tana kewaya layin maganaɗisu kamar zaren da ake naɗawa a sanda. Tana kai da komo tsakanin arewa da kudu a kan layin, domin inda maganaɗisu ya yi ƙarfi kusa da dogayen Duniya, wato ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, yakan dawo da ita. Sannan tana zamewa a hankali tana zagaya Duniya baki ɗaya, ilektiron ya nufi gabas, furoton ya nufi yamma. Kowane motsi da nasa lokacin. A inda taurarin ɗan'adam na sadarwa suke, kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, ƙarfin maganaɗisu wajen nanotesila 100 ne, kuma furoton yana kewaya layi sau ɗaya da rabi a daƙiƙa. Ilektiron mai tsananin ƙarfi kuwa yakan gama zagaya Duniya a cikin minti goma zuwa ashirin. Idan bugun wata taguwa ya yi daidai da ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, sai su fara musayar ƙarfi, kamar mai tura lilo da ya san daidai lokacin da zai sa hannu.

Taguwar kanta kuma? A 1942 Hannes Alfvén, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa layin maganaɗisu da ke cikin filasma yana yin halin tsirkiya: yana da tauri kamar an ɗaure shi tam, yana kuma da nauyi, saboda filasmar da ke manne da shi. Idan aka taɓa shi, girgizar za ta bi shi da gudu. Da farko ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, amma a 1970 ta kai shi ga kyautar Nobel. James Dungey na Birtaniya ne ya haɗa wannan da allurar Stewart a 1954. Layukan maganaɗisun Duniya suna da ƙafa biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, dukkansu a kafe cikin saman iskar Duniya mai ɗaukar lantarki. Tsirkiya ke nan ɗaurarriya ta baki biyu. A ce layin ya kai kilomita 100,000, girgizar kuma tana gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa, zuwa da dawowa zai ci daƙiƙa 200. Shi ya sa bugun yake da nawa haka. Kunnen mutum ba ya jin abin da bai kai bugu 20 a daƙiƙa ba, waɗannan kuwa wasunsu sai an yi minti goma kafin su yi bugu ɗaya.

A 1964 masana huɗu, cikinsu har da Valeria Troitskaya ta Tarayyar Sobiyet, suka wallafa rabe-raben da ake amfani da shi har yau. Masu ɗorewa da tsari an kasa su daga Pc1, mai bugun da bai wuce daƙiƙa 5 ba, zuwa Pc5, mai daƙiƙa 150 zuwa 600. Masu zuwa a hargitse su ne Pi1 da Pi2. Rabo ne na tsawon bugu kawai, bai faɗi komai a kan sanadi ba, kuma nan ne aka yi ta kai ruwa rana.

Tsirkiya ba ta kaɗa kanta. Abin da ke kaɗa ta, a mafi yawan lokuta, shi ne abin da masana ke kira rashin daidaituwar filasma, ni kuwa na fi son in ce tangal-tangal. Ka tsayar da fensir a kan tsininsa: a lissafi zai iya tsayuwa, amma ɗan motsi kaɗan ya isa ya kayar da shi, kuma da ya fara karkata karkatar za ta yi ta ƙaruwa da kanta. Filasma ma haka take. Kullum akwai 'yan ƙananan girgiza a cikinta da ba su kai a kula ba. Idan yanayi daidai yake sai su mutu. Idan kuwa akwai ƙarfi a jibge a wani wuri, ɗaya daga cikinsu za ta samu abin ci, ta yi ta girma har na'ura ta gan ta.

Nau'in tangal-tangal na farko yana bakin iyakar farfajiyar. Iskar rana tana goga jikin farfajiyar ta gefen asuba da gefen magariba, ita tana gudu, filasmar ciki kusan a tsaye. Duk inda abu mai gudu ya gogi wanda ba ya gudu, iyakar da ke tsakaninsu takan tattare, kamar yadda iska ke tayar da raƙuman ruwa a kan tafki. Helmholtz da Kelvin sun yi lissafin wannan tun 1868 da 1871, shi ya sa ake kiransa da sunansu. Taurin layukan maganaɗisu yana ƙoƙarin hana tattarewar, don haka sai gudun ya rinjayi taurin kafin abin ya tashi. A 2004 Hiroshi Hasegawa da abokan aikinsa suka nuna, daga bayanan kumbuna huɗu na Cluster da hukumar sararin samaniyar Turai ta harba a 2000, cewa taguwoyin nan har naɗewa suke yi su zama manyan guguwoyi masu faɗin dubban kilomita, suna cusa filasmar rana cikin farfajiyar. Wato ko a lokacin da ake ganin ƙofa a rufe take, akwai masu shiga ta katanga. Girgizar iyakar kuma tana ratsawa ciki, tana raguwa, har ta iske layin da bugunsa na asali ya yi daidai da nata, sai wannan layin ya ɗauka da ƙarfi. David Southwood, da kuma Liu Chen tare da Akira Hasegawa, su suka fitar da lissafin wannan a 1974. Ya kuma bayyana abin da tashoshin ƙasa ke gani: mafi kusa da dogon arewa, inda layuka suka fi tsawo, bugun ya fi nawa.

Akwai kuma wanda ke faruwa tun kafin iskar rana ta iso. Tana gudun da ya fi na taguwoyin cikinta, don haka takan ci birki da ƙarfi a wani gaci da ke gaban farfajiyar. Wasu furoton sukan yi tsalle daga gacin su koma baya, suna saɓa wa masu zuwa. Jerin gwano biyu masu ratsa juna ba su zama lafiya a filasma, sai su haifi taguwoyi masu bugun kusan daƙiƙa 30, iskar ta kwaso su ta watsa wa Duniya, a gan su da rana a matsayin Pc3. Troitskaya da abokanta sun gano cewa saurin bugunsu yana bin ƙarfin maganaɗisun iskar rana sau da ƙafa. Abin burgewa ne: mutum na zaune a tashar ƙasa yana iya ƙiyasta ƙarfin maganaɗisun da ke can wajen farfajiyar ba tare da ya harba komai ba.

Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne na cikin gida, wanda bai da makamanci a iskar da muka sani. A ɗakinka zafi ɗaya ne ko ta ina ka auna shi. A filasmar da ba ta karo, zafi biyu ne: na motsin da ke bin layin maganaɗisu, da na motsin da ke kewaya shi. Ba dole su zo ɗaya ba. Lokacin guguwar maganaɗisu, ana ingizo furoton masu zafi daga wutsiya zuwa kusa da Duniya, inda maganaɗisu ya fi ƙarfi, sai kewayawarsu ta ƙaru fiye da tafiyarsu ta kan layi. Haka ma idan iskar rana ta matse farfajiyar. Da bambancin ya wuce ƙima, sai wata taguwa ta tashi wadda ke murɗawa ta fuskar da furoton ke kewayawa, da saurin da ya ɗan gaza nasu. Furoton da ke tahowa ta gabanta yana ganin ta kamar ta yi daidai da shi, sai ya miƙa mata ƙarfinsa. Wannan ita ce taguwar kewayen ayon (ayon shi ne ƙwayar zarra mai caji, irin su furoton), wadda ake gani a ƙasa a matsayin Pc1 da Pc2. Tun 1936 aka ba da rahotonta daga Sodankylä ta Finlan da Tromsø ta Nowe, kuma saboda yadda take fitowa a zane, ta kumbura ta tsuke, ta kumbura ta tsuke, aka kira ta jerin lu'ulu'u.

Ƙaiƙayi kuma sai ya koma kan masheƙiya. Taguwar da furoton suka ciyar ita ce ke karkatar da su, ta rage musu kewayawa, ta ƙara musu tafiyar kan layi. Wanda tafiyarsa ta miƙe sosai ba ya samun abin da zai dawo da shi, sai ya faɗa cikin iskar Duniya ya ɓace, wani lokaci ya bar ɗan tabon haske a sama. Da bambancin zafin ya ragu, taguwar ta rasa abinci ta mutu. Charles Kennel da Harry Petschek sun nuna a 1966 cewa irin wannan yana sa iyaka ga yawan ƙwayoyin da maganaɗisu zai iya riƙewa: ka ƙara su, taguwa ta ƙaru, zubarwa ta ƙaru.

Bambancin zafin nan yana da wata mafita ta biyu, wadda ake kira ta madubi. Idan matsin filasma ya kai ko ya fi na maganaɗisu, kamar yadda yake a tsakanin gacin nan da bakin farfajiyar, sai ƙwayoyi su taru a inda maganaɗisu ya ɗan yi rauni, taruwarsu ta ƙara raunana shi, raunin ya ƙara jawo wasu. Sakamakon shi ne jerin aljihuna, wani cike da filasma da ƙarancin maganaɗisu, na kusa da shi akasin haka. Ba sa tafiya da kansu, iska ce ke ɗauke da su. Abin da ya daɗe yana ɗaure kai shi ne, a lissafi mai sauƙi taguwar kewayen ayon ce ya kamata ta riga girma ta cinye abincin, amma kumbuna suna yawan tarar da ta madubi ce ta mamaye wurin. Ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne 'yar hiliyom ɗin da ke cikin iskar rana, wadda ba ta wuce kashi huɗu ko biyar cikin ɗari ba, tana shanye ƙarfin ta farkon ta bar ta biyun. Idan kuma lamarin ya juye, tafiyar kan layi ta rinjayi kewayawa, sai layin ya riƙa fisge-fisge kamar tiyon kashe gobara da ya kuɓuce daga hannu, kuma da sunan tiyon ake kiransa.

Me ya sa za a damu da karkarwar da sau da yawa ba ta wuce 'yan nanotesila ba, alhali maganaɗisun doron ƙasa yana tsakanin 25,000 da 65,000? Saboda ɗamarar Van Allen, zobban ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da kumbon Explorer 1 ya kai ga gano su a 1958. Bugun Pc5 yana kusa da lokacin da ilektiron mai ƙarfi ke ɗauka ya zagaya Duniya, don haka taguwar takan yi ta tura shi ciki, yana matsowa yana ƙara ƙarfi. Irin waɗannan ilektiron suna huda jikin tauraron ɗan'adam su tara caji a cikinsa har ya yi tartsatsi. A Janairun 1994 taurarin sadarwa biyu na Kanada, Anik E1 da E2, suka lalace a rana ɗaya bayan kwanaki na iskar rana mai gudu, kuma wannan cajin aka ɗora wa laifi. Ita kuwa taguwar kewayen ayon tana iya kwashe ilektiron mafiya ƙarfi ta zubar da su cikin iskar Duniya a 'yan mintoci. Wata na cikawa, wata na zubarwa, a guguwa ɗaya. Shi ya sa guguwa biyu masu kama da juna za su wuce, ɗaya ta bar ɗamarar a cike, ɗaya ta bar ta wayam. Kumbuna biyu na Van Allen sun yi ta bin wannan daga 2012 zuwa 2019.

Wahalar aikin ita ce gano wanda ya yi kiɗan. Kumbo guda da ya ga maganaɗisu na hawa da sauka ba zai iya sanin ko taguwa ce ta wuce shi, ko shi ne ya ratsa ta cikin wani abu da ke tsaye ba. Dalilin da ya sa ake harba su rukuni-rukuni ke nan: Cluster huɗu, THEMIS biyar a 2007, MMS huɗu a 2015. Duk da haka Pc5 guda na iya fitowa daga tattarewar iyaka, ko daga bugun matsin iskar rana kai tsaye, ko daga furoton ɗin cikin gida masu kai da komo. Duk wanda ya ga an jingina wata taguwa ga sanadi ɗaya tak daga ma'aunin kumbo guda, ya kamata ya ɗan ja da baya. Har yau ana jayayya kan abin da ke fara tayar da ƙaramar guguwar maganaɗisu ta ɓangaren dare, wadda Pi2 ke yi wa shela: tsinkewa da sake haɗuwar layuka can cikin wutsiya, ko wata tangal-tangal ta kusa da Duniya inda layukan ke kumbura kamar balan-balan. Tsakanin alamomin biyu minti ɗaya ne ko biyu, kuma a kan wannan ɗan taƙin ake ta fafatawa.

A sauran duniyoyi ka'idar ɗaya ce, abin da ke jibge ƙarfin ne ya bambanta. Jufita tana juyawa sau ɗaya a ƙasa da awa goma, kuma wata nata mai aman wuta, Io, yana zuba kusan tan guda na abu a kowace daƙiƙa cikin farfajiyarta. Juyawar tana wurga wannan filasma mai nauyi waje, sai ta riƙa musayar wuri da mai zafi marar nauyi da ke can baya, kamar ruwan da aka ɗora a kan mai. Mas ba ta da maganaɗisun da ya game ta, amma haidurojin da ke tserewa daga iskarta, da ya samu caji iskar rana ta sure shi, sai ya haifi taguwa daidai da saurin kewayen furoton. Kumbon Phobos 2 ya gan ta a 1989, MAVEN kuma ya yi ta ganinta bayan isarsa a 2014.

Saurin kewayen ayon ya dogara ne da ƙarfin maganaɗisu da nauyin ayon ɗin, don haka idan ka san na farko, bugun taguwar zai faɗa maka na biyu. A Fabrairun 2005 kumbon Cassini ya wuce ta gefen Enceladus, wani ɗan wata na Satun mai faɗin kusan kilomita 500, wanda ake ɗauka dunƙulen ƙanƙara ne kawai. Ma'aunin maganaɗisu ya nuna layuka sun lanƙwashe kamar suna kauce wa wani abu da ya fi watan girma, ga kuma taguwoyi masu bugun da ya dace da ayon ɗin ruwa. A watan Maris aka sake ganin haka. Michele Dougherty, shugabar masu kula da ma'aunin, ta shawo kan jagororin aikin aka sauko da hanyar kumbon ƙasa sosai. Ranar 14 ga Yulin 2005 Cassini ya wuce a nisan kilomita 173 kacal, na'urorinsa suka tarar da tururin ruwa a saman dogon kudu, da tsagogi masu ɗumi a cikin ƙanƙarar da yake fitowa daga gare su.